Sanarwa: Fitarmu ta Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Maganar wasan harbin haske da muka tsayar, za mu haɗu a Ƙofar Ƙaura bayan La'asar, mu ɗunguma tare.

Ga masu fargaba: bindigar ba harsashi, hasken infrared take fitarwa irin na rimot ɗin talabijin, rigar da za a ɗaura maka ce ke ƙirga sau nawa aka same ka. Ba zafi, sai dai haki. A Amurka ana wasan tun 1984.

Ɗakin da duhu, farin kaya kuwa ƙyalli yake yi, don haka a sa baƙi da kambas. Alhaji, a bar babbar riga a gida.

Don Allah kada kowa ya ɗora hotonsa riƙe da bindiga a Facebook ba bayani, kun san halin da ake ciki.