Makin AnTuTu da Geekbench: a san abin da ake aunawa kafin a biya kuɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi wa masu karatu bayani kan makin da 'yan kasuwar waya da kwamfuta ke nuna wa masu saye a matsayin shaidar ƙarfin na'ura. Mai shago zai buɗe hoton sakamakon AnTuTu, manhajar auna ƙarfin waya, ya ce wayar ta ci dubu ɗari kaza, mai saye kuma ya ƙara kuɗi. Auna ƙarfin firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, da manhaja abu ne mai amfani ƙwarai, amma makin ba ya cewa komai sai an san da wace manhaja aka auna, wane zubi nata, kuma a wane irin zafi.

Kowane zubi da ma'auninsa. Geekbench 5, wato zubi na 5 na wata manhajar awon, ta ɗauki firosesan Intel Core i3-8100 ta ba shi maki 1000, sauran duk da shi ake gwada su. Geekbench 6, wadda kamfanin Primate Labs ya fitar a 2023, ta koma Core i7-12700 da maki 2500, ta kuma sauya ayyukan da take ba firosesa. Saboda haka waya ɗaya za ta ba da lamba biyu daban a zubin biyu. Haka AnTuTu take: makin zubi na 9 ba a jera shi da na zubi na 10. Wanda ya haɗa su kamar wanda ya auni gero da mudun Kano ne ya je yana gardama da mai mudun Zariya. Ita AnTuTu ma jimilla take bayarwa ta abubuwa huɗu, wato firosesa, sashen hoto, ma'adana da santsin amfani. Waya mai raunin firosesa tana iya tara maki daga saurin ma'adanarta, don haka a buɗe a duba rabon kowane sashe. A 2020 aka cire AnTuTu daga Play Store, shi ya sa jabunta suka yi yawa. Daga shafin kamfanin kaɗai ya kamata a sauke ta.

Geekbench tana ba da lamba biyu. Ta farko, mai rubutun Single-Core, aikin ƙwaya ɗaya ce daga cikin sassan lissafi da ke cikin firosesa, kuma ita ce mutum ke ji a hannunsa wajen buɗe WhatsApp ko shafin intanet. Ta biyu ta dukkan ƙwayoyin ce a haɗe, tana da muhimmanci ga mai haɗa bidiyo. Kalmar "ƙwaya takwas" da ake rubutawa a kwali tana ruɗin mutane da yawa. Firosesan Helio G35 ƙwaya takwas ne, amma dukkansu ƙanana ne samfurin Cortex-A53. Helio G99 ma takwas ne, sai dai biyu daga ciki manyan A76 ne, kuma yana cin wajen 700 a ƙwaya ɗaya a Geekbench 6. Snapdragon 8 Gen 2 yana kaiwa wajen 2000. Dukkansu takwas ne a kwali.

Ga yadda ake awon da za a dogara da shi. A cire rigar wayar, a cire ta daga caji, batir ya haura kashi 50, a kashe tsarin tattalin batir, a rufe duk manhajojin da ke buɗe. A bar ta ta huce minti 10 a inuwa. A yi gwajin sau uku da hutun minti 5 a tsakani, a ɗauki makin da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta. Bambancin kashi 3 zuwa 5 ba komai ba ne. Sannan a nemi sunan wayar a rumbun sakamako na Geekbench a ga abin da irinta ke ci a hannun wasu. Idan taka ta gaza da kashi 20 ko fiye, akwai matsala: ko batir ya gaji, ko wani abu na gudana a ɓoye, ko kuma firosesan ciki ba wanda aka rubuta ba ne. Manhajar CPU-Z kan nuna sunan firosesan, kodayake wasu jabun wayoyi an koya musu yi mata ƙarya, shi ya sa makin ya fi sunan wuyar ƙirƙira.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi, domin nan ne mu 'yan Arewa muke cutuwa. Gwajin Geekbench 'yan mintuna ne, wayar ba ta gama ɗumama ba ya ƙare. Da zarar firosesa ya yi zafi, da kansa yake rage gudu don kada ya lalace. Makin da aka samu a ɗaki mai sanyi a Turai ba shi za a samu a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Saboda haka a yi gwajin Wild Life Stress Test na manhajar 3DMark, wanda ke maimaita aiki ɗaya sau 20 cikin kimanin minti 20, ya nuna kashi nawa na ƙarfin zagaye mafi kyau wayar ta riƙe a zagaye mafi rauni. Ya fi matsa wa sashen hoto, amma yana tona yadda jikin wayar ke fitar da zafi. Wayar da ta riƙe kashi 90 ta fi amfani ga mai dogon aiki a kan wadda ta fara da babban maki ta faɗo zuwa kashi 55.

Kamfanonin ma ba a bar su a baya ba wajen wayo. A 2018 masu 3DMark sun cire wasu wayoyin Huawei daga jerinsu saboda suna gane manhajar gwaji su saki ƙarfin da ba sa saki a aikin yau da kullum. A 2022 Geekbench ta cire jerin Galaxy S10 zuwa S22 na Samsung kan irin wannan dalili.

Ga mai sayen laftof na hannu, dokar caji akasin ta waya ce: a jona shi da cajarsa ta asali, a sa Windows a kan mafi ƙarfin aiki, domin a kan batir yana rage gudu. A kunna manhajar gwaji ta Cinebench R23, wadda ke aiki minti 10, a buɗe manhajar HWiNFO a gefe ana kallon zafin firosesa. Idan ya manne a digiri 95 zuwa 100 gudun yana sauka, yawanci ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, ko man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe. Gyara ne mai araha, kuma hujja ce ta neman ragi. Idan kuwa makin firosesa ya yi kyau amma na'urar tana nauyi, a auna saurin ma'adanar da manhajar CrystalDiskMark: tsohon faifai mai juyawa yana ba da wajen megabait 100 a daƙiƙa, SSD na SATA, wato ma'adana marar faifai mai juyawa, kuma wajen 500.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Mai gyaran waya da kwamfuta, Kano