Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin gyaran motocin da ya lalata mini giya a Sakkwato

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, ban so maganar nan ta fito fili ba. Abin da ya tilasta ni shi ne amsar da manajan garejinku ya ba ni ranar 19 ga Mayu, bayan sallar la'asar, a gaban yaransa da wasu masu motoci. Na tambaye shi wa zai ɗauki nauyin giyar motata da ta ƙone bayan gyaranku. Bai ko ɗago kai daga wayarsa ba ya ce: "Alhaji, motag ga tsohuwa ta. Ko mi anka yi mata sai ta zub da mai. In kana son wadda ba ta ɗiga, tahi ka sayi sabuwa." Yaran suka kwashe da dariya. Tun daga ranar, lambar ofishinku ba a ƙara ɗaukar kirana ba.

Motar Toyota Camry ce ƙirar 2003, mai giyar otomatik. Da ita nake kai yara makaranta, da ita nake kai mahaifiyata asibiti. A farkon Afrilu na fara ganin ɗigon jan mai a inda take kwana, ta ɓangaren direba. Na san man giya ne, domin man inji ba ja ba ne. Na kawo muku ita ranar 7 ga Afrilu tana lafiya lau, tana canza giya ba gargada. Yaronku ya leƙa ƙarƙashinta a tsugune, bai ɗaga ta ba, bai wanke komai ba, ya ce gaskit ɗin kwanon giya ne, wato abin da ake sa wa bakin kwanon da ke riƙe mai a ƙasan giya don kada ya zuba. Na biya N68,000, rasit na hannuna.

A rasit ɗin an rubuta man giya lita bakwai. Duk wanda ya taɓa kwance kwanon giyar irin wannan mota ya san abin da ke fita bai kai lita huɗu ba, sauran yana maƙale a can cikin giyar. Ina sauran man da na biya? Kuma kamfanin Toyota ya rubuta irin man da wannan giya take sha, wato T-IV. Ni da idona na ga an zubo nawa daga wata jarka marar suna. Da na yi magana aka ce "duk ja na, Alhaji."

Ba a yi mako ba ɗigon ya dawo, har ya fi na da. Na koma, aka ƙara ɗaure notuna. Na sake komawa, aka shafa gam, aka karɓi wani kuɗin na ƙarin mai. Daga nan sai zarya: yau oga ya tafi Kano, gobe mai gyaran giya bai shigo ba, jibi a dawo bayan Juma'a.

Ranar 11 ga Mayu ina dawowa daga Tambuwal da iyalina, rana tsaka, gab da Boɗinga, sai inji ya riƙa kuka mota ba ta ja. Wanda ya san zafin Sakkwato a watan Mayu ya san abin da ake nufi da tsayuwa a bakin titi da mace da ƙananan yara. Na zaro gejin giya, da ƙyar ya taɓa mai, ɗan abin da ya taɓo kuwa baƙi ne yana warin ƙuna. Janyo ta zuwa gari ya ci mini N35,000.

Wani dattijon bakanike ne, wanda ba shi da ofis mai sanyi ko kwamfuta, ya nuna mini abin da ya kamata ku yi tun ranar farko. Ya wanke ƙarƙashin giyar tas, ya bari ta bushe, ya cika mai, ya tada inji har ya yi zafi, sannan ya ɗaga motar ya bi ta da tocila. Ya duba tiyo biyun da ke kai man giya lagireto, lafiyarsu ƙalau. Ya duba mahaɗar giya da inji, a bushe take. Sai ga man yana tsatsowa daga sil ɗin shaf na ɓangaren direba, yana gangarowa gefen kwano. Wato gaskit ɗin da kuka cire ba shi da laifin komai. Sil ɗin ne, wato ɗan zoben roba da ke hana mai fita ta inda shaf ya shiga giya, ya bushe saboda shekaru da zafi, kuma canza shi ba ya buƙatar sauke giya. Da ya kwance kwanon, sai ga bakinsa ya lanƙwashe saboda ɗaurin ƙarfi da yaranku suka yi, abin da ya buɗe wata sabuwar ƙofar yoyo. Guntayen gam ɗinku kuma sun cika matatar mai. Giyar otomatik da ƙarfin mai take aiki, idan ya yi ƙasa ko hanyarsa ta toshe sai kulocin ciki ya riƙa zamewa har ya ƙone. Yanzu ana maganar ko dai a buɗe giyar gaba ɗaya, ko a nemo 'yar Beljiyam.

Na yarda motata ta tsufa. Da tsufanta ta shigo garejinku da ƙafarta, kuma ba ku ce ta tsufa ba lokacin da kuke ƙirga kuɗina. Ku tsaya a shataletalen Gawon Nama ku kalli motocin da ke wucewa, nawa ne sababbi a ciki? Malaman makaranta ne, da 'yan fansho, da 'yan kasuwa masu zuwa Illela, kuma mu ne muke cika muku gareji. Abin da na gane shi ne ba kwa bincike, canke kuke yi, ku karɓi kuɗi, idan abu ya ɓaci ku ɗora wa shekarun mota. A zaman jiran da na sha yi a wurinku na ji wasu suna kuka da irin wannan, sun haƙura ne kawai don ba sa son tashin hankali. Wannan zalunci ne, kuma haƙƙin mutane ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ina neman ku mayar mini da N68,000 da kuɗin janyo mota, ku biya gyaran giyar a wurin da ni na zaɓa, manajanku kuma ya ba ni haƙuri a gaban yaran da ya wulaƙanta ni a gabansu. Ina neman ku daina zuba wa mutane man da ba su ga kwalinsa ba, ku riƙa miƙa wa mai mota duk abin da kuka ce kun canza. Na ba ku mako biyu. Idan ban ji daga gare ku ba, zan kai rasit da hotuna da lanƙwasasshen kwanon gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da kuma shugabannin ƙungiyar masu gyaran motoci na jiha.

Wassalam.

Mai Camry,
Mabera, Sakkwato.