Anti, ni baƙuwa ce ko 'yar gida?

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɓoye sunana.

Ni ɗaliba ce, shekarata 22, na zo ƙasar waje yin wani kwas na wata 6 kuma makarantar ce ta haɗa ni da wasu iyali da zan zauna a gidansu, mata da miji da ɗansu ɗan shekara 9. Yau satina 7 kenan. Wallahi ba zan ce mugayen mutane bane, ranar da na sauka su suka je filin jirgi da kansu, matar ta bani makullin gida a hannu tace in ɗauki nan kamar gidanmu. To amma Anti har yau na kasa gane matsayina.

Abin da ya fi damuna takardu ne. Matar bata faɗa min abu baki da baki, saidai in tashi da safe in ga ƙaramar takarda a manne a jikin firji ko ƙofar banɗaki. Ta farko cewa tayi in rage daɗewa a wanka saboda ruwan zafin tankin yana ƙarewa kafin mijinta ya shiga, ta biyu kan hitar ɗumama ɗaki ce da na bari a kunne na buɗe taga, ta uku kuma wai in daina waya da ƙarfi bayan 10 na dare tunda yaron yana bacci. Duk gaskiyarta ce fa, ban musa ba, kawai dai lokacin ne 'yan gidanmu suke samun sukuni saboda bambancin agogo, kuma duk sanda na ga takarda sai gabana ya faɗi in wuni ina jin kamar an kama ni da laifi.

Sai kuma zaman cin abinci. Suna magana da sauri cikin yarensu, kafin in gama haɗa jimla ɗaya a kaina sun wuce zancen, in sunyi dariya nima in yi, daga baya. In aka ce in ƙara sai kunya ta sa ince na ƙoshi, su kuma da ka faɗa sau ɗaya shikenan sun ɗauke, akwai daren da na kwana da yunwa ga firji cike amma na kasa buɗewa. Yanzu ina dawowa ɗaki nake shigewa in rufe ƙofa.

Shekaranjiya yaron ya ƙwanƙwasa ya tambaye ni wai haushinsu nake ji ne, mamansa tace ƙila bana son gidan. Kuka nayi bayan ya fita, domin ni a zatona takura musu nake gudu.

Ƙawata da muka zo tare tace in je wajen mai kula da ɗalibai a canza min gida, amma in an tambaye ni dalili me zan ce, takarda a firji? Kuma wa ya san inda zan faɗa. Ina so in zauna da matar amma ban san ta ina zan fara ba, ga yaren bai zauna a bakina ba ina tsoron in faɗi abu ya fito da rashin kunya. In rubuta mata takarda nima, ko in jira ranar da mijin baya nan in same ta a kicin? Saura wata 4 da 'yan kwanaki Anti, ki taimaka min.

Taki,
Ɗaliba mai neman mafita