Aikina na Farko a Kantin Kwari da Haƙƙin Yaran Kanti a Yau

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da yaran kanti suke ciki a kasuwannin Kano. Abin da ya tayar da maganar shi ne, a makon jiya bayan sallar isha'i wani matashi ɗan maƙwabtanmu ya same ni a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baba, maigidana ya sallame ni." Na buɗe baki zan yi masa murna, sai na ga idanunsa sun kawo ruwa. Shekara tara yana buɗe shago yana rufewa, a cikin wannan hidimar ya yi aure har ya haifi 'ya'ya biyu, amma abin da ya fito da shi bai wuce kuɗin motar komawa gida ba. A lokacin da na shiga kasuwa, idan aka ce an sallami yaro ana nufin an yaye shi, an ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Yanzu kalmar ta koma nufin kora, kuma wannan sauyi ne ya sa na ga ya kamata in faɗi yadda aikina na farko ya kasance.

Na gama sakandare a 1983. Burina a lokacin shi ne in sami aikin akawu a ɗaya daga cikin kamfanonin Bompai ko a wata ma'aikatar gwamnati, domin tun 1981 gwamnatin Shehu Shagari ta yanke mafi ƙarancin albashi a kan naira 125 a wata, wanda kuɗi ne mai auki ga saurayi. To amma kuɗin da ƙasa take samu daga man fetur ya riga ya ja baya, an shiga tsuke bakin aljihu tun 1982, masana'antu suna rage ma'aikata saboda rashin kayan sarrafawa. Da mahaifina, wanda tela ne a Fagge, ya ga na fara sabawa da zaman dakali, sai wata safiya ya sa ni a gaba muka tafi Kantin Kwari wurin wani attajirin atamfa da yake yi wa ɗinki. Abin da ya faɗa kawai shi ne, "Alhaji, ga ɗanka nan, amana na kawo maka." Alhaji ya dube ni ya ce, "Allah ya ba mu ikon riƙewa." Ba a yi maganar albashi ba, ba a kuma rubuta komai ba.

Abu na farko da aka miƙo mini tsintsiya ce. Nakan riga kowa zuwa, in yayyafa ruwa in share gaban kanti, in kakkaɓe ƙura, in sauke turamen atamfa in sake jera su, masu duhu a ƙasa, masu haske a inda ido zai fara sauka. Ana ba ni naira ɗaya kuɗin abinci a kullum. Na yi wata biyar ban taɓa akwatin kuɗi ba, kuma a lokacin na ɗauka raini ne, tun da ni kaɗai ne mai takardar sakandare a cikin yaran kantin. Daga baya na gane cewa a waɗannan watanni ne hannuna ya koyi abin da har yau nake cin abinci da shi. Alhaji yakan jefo mini turmi ya ce in faɗi na ina ne ba tare da na duba tambari ba. Sai in murza gefen zanen, in shinshina, in ɗaga shi a rana in ga ko launin ya ratsa baya kamar yadda yake a gaba, har na iya rarrabe atamfar Holan da ta Ingila da ta gida wadda ake bugawa a Kaduna. Na kuma koyi ladabin ciniki: idan mai saye ya taya ƙasa da kuɗin kaya ba a ɓata masa rai, "albarka" ake cewa, a bar shi ya ƙara, kuma idan Alhaji ya ce ya sallama, to ko wani ya zo da ninkin kuɗin a lokacin, kaya sun zama na mai su.

Ranar da aka fara damƙa mini kuɗi ta zo ne a watan Afrilu na 1984, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakokin ƙasa, ta kuma ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba. Kasuwa ta rikice. Mutanen da Alhaji ya daɗe yana bi bashi suka riƙa tururuwa da tsofaffin kuɗi suna biya, wasu 'yan kasuwa kuwa suka ce ba za su karɓa ba. Alhaji ya ce matuƙar wa'adi bai cika ba kuɗi ne, kuma ba zai mayar da ɗan ƙauyen da ya taso tun daga Gumel ko Kazaure da kuɗinsa a hannu ba. Shi yana karɓa, ni kuma ina bin layin banki tun daga asuba da jaka a hammata. Na tuna da wannan sosai a farkon 2023, da aka sake canjin kuɗi, na ga yadda wasunmu suka yi wa masu sayayya.

Akwai wata rana da ba zan manta ba. Wani falke daga Nguru ya sari kaya da safe, ya biya, aka ɗaure masa dila, 'yan dako suka ɗauka zuwa tashar jirgin ƙasa. Da azahar ina sake ƙirga kuɗin sai na ga rarar 'yan Murtala guda goma, wato naira 200, kuma a wancan lokacin naira ashirin ita ce takarda mafi girma a ƙasar nan. Na ce, "Alhaji, a ajiye masa har ya dawo sari." Ya ajiye carbinsa ya dube ni ya ce, "Wa ya ba ka tabbacin zai dawo? Wa kuma ya ba ka tabbacin idan ya dawo zai same mu?" Na fita a guje ta cikin masu baro da masu kura har tasha, na riƙa leƙa tarago ɗaya bayan ɗaya, na same shi zaune a kan dilarsa yana cin goro, bai ma san kuɗinsa sun yi giɓi ba. Ya ƙirga, ya yi shiru, ya zaro naira biyar ya ba ni. Da na komo na nuna wa Alhaji, ya ce wannan kam halalina ce. Bai yabe ni ba, bai kuma sake ta da maganar ba, domin a wurinsa ba a yi wani abin a zo a gani ba.

Na kuma yi kuskuren da ya isa a kore ni. A shekara ta biyu wani abokin karatuna ya zo lokacin da Alhaji ya tafi masallaci, ya roƙi turmi biyar a kan zai kawo kuɗin ranar Juma'a. Kunya ta hana ni musa masa, kunya ta kuma hana ni rubutawa. Juma'a uku suka wuce ban gan shi ba, sai na durƙusa na faɗa wa Alhaji da bakina. Ya ce ba bashin da na bayar ne ya ɓata masa rai ba, tun da kasuwa ba ta tafiya sai da bashi, rashin rubutawa ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ya riƙa cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga abin da yake ba ni na Sallah har na biya, sannan ya ɗauko littafin bashin kantin, wanda yake rubutawa da ajami, ya ce daga yau ni zan riƙe shi. Wanda ya yi asarar turmi biyar shi aka ba littafi, kuma tun daga ranar ban sake barin kwabo ya kwana ba a rubuce ba.

A 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin kayan waje ya riƙa tashi daga wannan mako zuwa wancan. Na ga manyan 'yan kasuwa sun sayar da kaya suna murnar riba, da suka koma sari sai kuɗin ya kasa sayo rabin abin da suka fitar. Alhaji ya ce mini in daina tambayar nawa muka sayi turmi, in riƙa tambayar nawa za mu mayar da shi. Duk wanda ya ga abin da ya faru da jarin mutane daga 2023 zuwa yau ya san wannan magana ba ta tsufa ba.

Bayan shekara bakwai, a 1990, Alhaji ya aika aka kira mahaifina da maƙwabtan kanti biyu. Ya buɗe wani ƙaramin littafi da ban taɓa gani ba, ashe duk shekara idan ya fitar da zakka yakan ware wani abu da sunana. Ya ba ni kaya na wannan kuɗin, ya kama mini tebur a bakin wani gida a cikin kasuwar, sannan ya yi abin da ya fi jarin daraja: ya zaga da ni wurin manyan diloli uku ya ce, "Wannan yarona ne, abin da ya ɗauka ku rubuta, idan ya gaza ni ne." Da wannan lamunin na tashi. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Malam Edita, na san abin da 'yan'uwana iyayen gida za su ce, domin ni ma yanzu ina da yara a ƙarƙashina. Za su ce masaƙun Kaduna sun durƙushe, yawancin masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai sun zama ɗakunan ajiya, kaya daga Sin suke zuwa, ribar turmi ta zama 'yar ƙanƙanuwa, haya kuma ta yi tashin gwauron zabi. Za su ce yaran yanzu suna ɗora kuɗi a kan farashi, suna ba mai saye lambar asusunsu maimakon ta shago, hankalinsu yana kan waya mai saye yana tsaye. Akwai gaskiya a ciki, na kuma gani da idona. Amma yaron da aka riƙe shekara tara ba a kama shi da sata ba, ai an gamsu da amanarsa, kuma wanda bai san ranar da za a yaye shi ba, bai san abin da zai fita da shi ba, shi ne zuciya ta fi saurin raya wa ya yaye kansa a ɓoye. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai shi naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka dubban yaran kanti babu abin da yake kare su sai tsoron Allah na maigida. Mahaifina ya iya miƙa ni da baki kawai saboda ya san Alhaji shekara da shekaru, kuma kunyar idon unguwa tana aiki. A yau yaro yakan taso daga wata ƙaramar hukuma ya kama aiki wurin mutumin da bai san ko da sunan mahaifinsa ba.

Maƙwabtanmu Inyamurai na Sabon Gari sukan yanke adadin shekarun da yaro zai yi tun ranar da aka kawo shi, a gaban danginsa, kuma maigidan da ya ƙi sallamar yaronsa yakan sha kunya har garinsu. Mu da addininmu ya umarce mu da rubuta yarjejeniya, Manzon Allah (SAW) kuma ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa tun guminsa bai bushe ba, mu ya kamata mu fi kowa kiyaye wannan. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da Ƙofar Wambai da Farm Centre su fito da takarda mai shafi ɗaya, da boko da ajami, wadda za ta faɗi shekarun da yaro zai yi, da kuɗin abincinsa, da abin da za a ba shi ranar yaye, da laifin da zai sa a raba gari, a sa hannu a gaban waliyyinsa da shaidu biyu, a ajiye kwafi a ofishin ƙungiya. Ina kuma roƙon limamanmu na Juma'a su ware huɗuba a kan haƙƙin yaran kasuwa, domin iyayen gidan nan a sahun gaba suke zama.

Shi kuwa matashin da na ambata, ni da kawunsa mun je mun sami maigidan nasa a shago shekaranjiya. Ya karɓe mu da mutunci, ya saurare mu har ƙarshe, ya kuma amsa cewa bai taɓa samun yaron da rashin gaskiya ba. Ya ce mu ba shi lokaci ya duba lissafinsa, mu koma ranar Asabar bayan la'asar, kuma in Allah ya kai mu za mu koma.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani tsohon yaron kanti,
Fagge, Kano.