Ga matashin da ya tambaye ni amfanin tsohuwar tashar jirgi

Assalamu alaikum, ɗana.

A shirin rediyon da aka yi da ni kan tsofaffin gine-ginen Zariya ka bugo waya ka ce: tunda ga sabon layin dogo daga Abuja zuwa Rigasa yana aiki tun 2016, me za a yi da rusassun ɗakunan reluwe, mutane kuma na neman filin shago? Lokaci ya ƙure ban amsa ba. Tambayar ba ta raini ba ce, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ka san me ya sa akwai Sabon Gari? Dogon da aka jawo daga Baro, a bakin kogin Neja, ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, sai leburori da akawuna da 'yan kasuwa suka sauka kusa da tasha, nesa da ganuwa. Daga nan ne kuma aka fitar da reshen da ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, yana kwaso auduga da gyaɗa. Akwai na uku, wanda samarinku ba su ma taɓa jin labarinsa ba: ɗan siririn layin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunukan Jos har Bukuru don ɗauko kuza. An rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafunan. Yau in kana son ganin kan jirginsa sai ka je gidan tarihi na Jos. Mu nan da ya taso daga ƙofarmu, me muka ajiye?

Inda na rabu da kai shi ne zaton da kake yi cewa tsufa ke kashe gini. Rashin mai kula da shi ne. Ka leƙa kowane sito da aka daina amfani da shi a bakin dogo. Kwano ɗaya iska za ta fara ɗagawa, ba wanda ya maida ƙusa. Damina biyu katakon rufi ya ruɓe. Sai 'yan gwangwan su zo da guduma su ɓalle ƙyaure da tagogi, har ƙarfen sikelin da ake auna buhuna, su sayar a kilo. Daga nan sai a ce ai kango ne, maɓoyar ɓata-gari, gara a yanka filin. Wanda zai yanka ɗin sau da yawa shi ya fi kowa jin daɗin tashin kwanon farko.

Ginin ƙasa ma haka. Ganuwa ba ta tsaya ɗaruruwan shekaru don ƙarfin tubali ba, yaɓe ake mata, gari ya fito aikin gayya. Da aka daina, ruwa ya ci rabi, masu ɗibar ƙasa suka ci saura. A Kano kuwa, Ƙofar Na'isa da gangan aka rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake ta da siminti.

Ban ce a killace komai a rataya allo ana kallo ba, talaka ba zai ci tarihi ba, na yarda. Cewa nake a ba ginin aiki. Sito mai kaurin bango, mai sanyi a watan zafi, zai ɗauki teloli ashirin ko ajin koyon sana'a. A ba su haya bisa sharaɗi ɗaya, su gyara rufi kada su taɓa fuskar ginin. Shagon da kake nema ke nan, ba tare da an kira katafila ba.

In kun shirya ku matasan unguwa, ku fara da ɗaukar hoton kowane gini da wayoyinku, ku zauna da tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka rage su faɗa muku wanne ne loko, inda ake gyaran jirgi, wanne ne ɗakin sigina. Ni ma ku kira ni, zan zo.

Wassalam,
Babanka a Tudun Wada.