Sauya sunan ƙungiyar masu horar da 'yan tanis

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan ƙungiyar ƙwararrun masu horar da 'yan tanis ta Amurka, wato USPTA, wadda aka kafa a 1927, kuma ta sauya suna zuwa RSPA, wato ƙungiyar ƙwararrun wasannin raket, a 2024 domin ta rungumi wasu wasanni masu kama da tanis, irin su pickleball da padel da sikwash.

Mamban da kulob ɗinsa ke da filayen waɗannan wasanni duka ya ci riba, babu shakka. Amma kocin da ke koyar da yara a filin siminti mai tsaga a Samaru ko Sabon Gari, da ƙwallayen da gashinsu ya zube, idan har ya tara dala da kyar ya shiga ƙungiyar, tsohon sunan ne ke jikin takardar shaidarsa, kuma sai ya yi ta bayani ga shugabannin makarantun da yake neman aiki a wurinsu. Padel kuwa, yawancin yaranmu ba su taɓa ganin filinta ba.

Ina kira ga ƙungiyar da ta sabunta wa tsofaffin mambobinta takardunsu kyauta.

Naku,
Mai horar da tanis, Zariya.