Kano zuwa Yamai: Tafiyar awa ɗaya ta cinye mini kwana biyu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in amayar da abin da ya tsaya mini a rai tun watan jiya.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, yayata kuma ta shekara 31 tana aure a Yamai. Ranar wata Talata bayan isha'i ɗanta ya kira ni, muryarsa na rawa: "Kawu, jikin Hajiya ya tsananta, sunanka take ta kira." Gari na wayewa na nufi wurin wani mai sayar da tikitin jirgi. Ya daɗe yana danne-danne a kwamfuta, sannan ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ban ga wanda zai kai ka kai tsaye ba. Sai dai ka sauka Legas, daga nan Lome, sannan Yamai."

Malam Edita, daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Diori Hamani da ke Yamai kimanin kilomita 700 ne ta sama, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Legas ma ta fi Yamai nisa daga Kano, don ta haura kilomita 800. Zagayen da aka lissafa mini kuwa ya kusa kilomita 1,900, a kai mutum bakin teku sannan a dawo da shi Sahel.

Na so in bi mota ta Katsina, Jibiya, Maraɗi, Birnin Ƙonni da Dosso, wadda ta haura kilomita 900, amma iyalina suka haɗa ni da Allah saboda halin tsaron hanyar Jibiya. Na biya kuɗin jirgi, na kwana a Legas. A Lome na zauna ina kallon agogon bango ya koma baya da awa ɗaya, alhali Kano da Yamai lokacinsu guda ne, ina ta jan carbi, wayar yaron kuma ba ta shiga. Da la'asar ɗin Alhamis na isa ƙofar gidan, na tarar da tabarmi a shimfiɗe, maza sun yi jugum. Da hantsi aka kai ta makwancinta. Allah ya jiƙanta.

Na san ajali ba ya jira, ban kuma ja da ikon Allah ba. Na san bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka da sararin sama, kuma ko da aka ɗage takunkumin a 2024 dangantaka ba ta koma daidai ba. To amma saɓanin shugabanni bai raba auren yayata ba, bai kuma hana 'yan Nijar zuwa sarin atamfa da shadda a shagona ba. Fasinja akwai su: 'yan kasuwa, ɗalibai, marasa lafiya. Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano kuma a Maraɗi zai tsaya, da sauran sama da kilomita 600 kafin Yamai.

Kano na cikin garuruwan da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, tun 1925. Ina roƙon hukumomin sufurin sama na ƙasashen biyu da kamfanoninmu su zauna su samar da ko ƙaramin jirgi ne, sau biyu a mako. Ni dai zan koma addu'ar arba'in, kuma har yanzu ban yanke hanyar da zan bi ba.

Naka,
Wani mai karatu daga Fagge, Kano